Tsakanin Aro da Rance: Atisayen Turanci ga Mai Neman Digirin Fassara

Duk wanda ya taɓa shirin WAEC ko NECO ko JAMB ya san irin littafin: takarda mai araha, rubutu ƙanana, kowane shafi cike da jimlolin Turanci da aka cire wa kalma ɗaya, ƙarƙashin kowace jimla an jera amsoshi huɗu, can ƙarshen littafin kuma ga jerin waɗanda suka dace. Da irinsa yaron Tsohon Birnin Gwari yake tsallake sakandare, da shi yake shiga jami'a. In ya gama digiri ya yi hidimar ƙasa, ransa ya raya masa ya koma Zariya ko Kano ko Kaduna ya zurfafa a fannin fassara, abin da zai fara cigiya shi ne ɗan'uwan wancan littafi. Zai zauna da shi bayan sallar isha'i, yana haskawa da fitilar waya, yana zaɓe yana leƙa baya, yau ya ci 30 cikin 50, jibi 35, ya kwanta da farin ciki. Ban ce ɓata lokacinsa yake yi ba. Sai dai atisayen nan, in an bar shi shi kaɗai, gane amsa yake koya wa mutum idan an ajiye ta a gabansa, alhali mai fassara ba wanda ke ajiye masa amsa huɗu ya zaɓa. Daga cikinsa zai tono kalmar, sau da yawa a tsaye, mutane na jiran bakinsa. Ra'ayina shi ne, mai son wannan karatu ya daina yin atisayen Turanci kamar babu Hausa a duniya. Kowace kalma da kowace ƙa'idar nahawu ya riƙa koyon ta da Hausa a gefenta, cikin cikakkiyar jimla, kuma ya fara da abubuwan da ke kewaye da shi.

A Najeriya sharuɗɗan karatun gaba da digirin farko sanannu ne: kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, dole da Turanci a ciki, sai digiri mai kyau da takardar hidimar ƙasa, wasu jami'o'in kuma su ƙara da jarrabawar tantancewa ko ganawa ta baki. Fassara tsakanin Hausa da Turanci tana cikin abin da ake koyarwa a Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello da Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, inda tsohuwar Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ma ta ƙara kalmar fassara a cikin sunanta. Amma wanda ke son ya ga inda aka ɗauki jarrabawar shiga karatun fassara da zafi, aka auna kowane ɓangarenta da sikeli, sai ya dubi ƙasar Sin. Tun 2007 suka buɗe digiri na biyu na musamman don horar da masu fassara da tafintoci, kuma ɗalibai na rububin sa kowace shekara. Takarda huɗu ake rubutawa, jimillar maki 500: 100 na darasin siyasa, 100 na Turanci, 150 na fassara ita kanta, 150 na rubutu da Sinanci da sanin al'amuran duniya. A cikin takardar Turancin, bisa tsarin da aka shimfiɗa wa jami'o'i, tambayoyin kalmomi da nahawu maki 30 ne, sauran na karatu da fahimta ne da rubuta insha'i. Abin da ɗalibinmu yake kwana a kansa ke nan, 30 cikin 500, takardar harshen uwa kuwa ta ninka shi sau biyar. Waɗanda suka tsara wannan ba raina Turanci suka yi ba, sun dai san ma'aunin da ya kamace shi a hannun mai fassara.

Mu ɗauki tambayar da ba ta taɓa ɓacewa daga littattafan nan, bambancin “borrow” da “lend”. Littafin zai ce na farko karɓa ne, na biyu bayarwa, ɗalibi ya haddace ya ci makinsa, gobe a bakin kasuwa ya sake cewa “borrow me”. Ba daƙiƙanci ne ya jawo ba. Bahaushe da saiwar kalma guda yake yin aikin biyu, wutsiyarta kawai yake juyawa: na ari fartanya, na ara masa fartanya, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi, kamar dai yadda yake cewa na sayi masara, na sayar da masara. Masana nahawun Hausa, tun daga F. W. Parsons a 1960, sun kasa aikatau gida bakwai bisa irin wannan juyi. Ranar da aka nuna wa ɗalibi cewa abin da Hausa ke yi da wasalin ƙarshe shi Turanci ke yi da kalma biyu daban, ranar kuskuren zai rabu da shi, domin ya ga gindinsa. Kuma a nan ne zai lura da abin da littafin bai taɓa faɗa masa ba, cewa Hausa ma ta raba inda Turanci ya haɗe. Aro shi ne abin da za ka mayar da shi kansa, garma ko babur ko tabarma. Rance kuwa kamarsa za ka mayar, tiyar dawa ko naira dubu biyar. Turanci bai damu da wannan ba, duka “borrow” ne. To, wanda aka miƙa wa takardar bashin taki ya fassara wa manoman Tsohon Birnin Gwari, ko yarjejeniyar gona, dole ya tsaya ya tantance: aron gona ake nufi, ko haya, ko jingina? Kowace ɗaya da hukuncinta a wurin mai unguwa da alƙali, kuma kowace ɗaya da takwararta a Turanci da ba ta cika daidai da ita ba. Tambaya ɗaya ta cike gurbi, in an yi ta da harshe biyu, ta haifi darasin kalma shida.

Yawancin kurakuran Bahaushe a Turanci haka suke, ana iya hango su tun daga nesa. Kalmar ji a wurinmu ta ɗauke aikin kunne da hanci da harshe da fata da ma fahimta, shi ya sa ake samun mai cewa yana “hear” ɗin wari. Sha ya haɗa ruwa da rake da taba da wahala. Ci ya haɗa tuwo da jarrabawa da zaɓe da amana. Muna da bayanai da shawarwari da labarai, jam'i lafiyayyu, sai mu liƙa wa “information” da “advice” harafin jam'i, alhali Turanci ba ya ƙirga su. Ɗan ƙaramin “a” ɗin nan namu, na a gida, a kan hanya, a ranar Laraba, Turanci ya raba aikinsa tsakanin “in” da “on” da “at”. Littafin da aka buga don ɗaliban Najeriya baki ɗaya, Bayarabe da Ibo da Tibi da Bahaushe, ba zai ware wa kowa ciwonsa ba. Ɗalibin ne zai buɗe littafin rubutunsa ya jera inda harshensa ke yi masa tarko, ya fi ba wa nan ƙarfi, maimakon ya raba lokacinsa daidai tsakanin abin da ya iya da abin da ke kayar da shi.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne lokutan aikatau, da yadda ake amsa tambaya. “Ya tafi” a Hausa tana iya zama “he went” ko “he has gone” ko “he had gone”, domin Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana gudana, tsarin aukuwa kuma ta bar wa ƙananan kalmomi irin su sai da riga da ko da. “Da muka isa, sai ya tafi” na nufin mun same shi. “Ko da muka isa, ya riga ya tafi” na nufin ba mu haɗu ba. A Turanci kalmar “had” ita kaɗai ke raba waɗannan labarai biyu, kuma a gaban kotu rabuwar na iya zama tsakanin ɗauri da sallama. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, manyan kotuna kuwa da Turanci suke zama. A ce lauya ya tambayi wani dattijo daga Kuyello ko Dogon Dawa da Turanci, tafinta ya juya masa: “Baba, ba ka gan shi a daren ba?” Dattijo ya ce, “E, ranka ya daɗe.” Kowane Bahaushe ya san abin da ya faɗa: e, ban gan shi ba. In tafinta ya ce “yes” ya yi shiru, wanda ke sauraro da kunnen Turanci zai ɗauka ya gan shi, domin Turanci gaskiyar al'amarin yake amsawa, mu kuwa maganar mai tambaya muke gaskatawa ko mu ƙaryata. Tafintan nan yana iya kasancewa ya ci duk tambayoyin cike gurbi a kan wannan babi. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ɗora ƙa'idar Turancin kusa da ta Hausa ya ga inda suka saɓa.

Idan aka juyo daga Turanci zuwa Hausa, ƙasar Birnin Gwari ita kanta makaranta ce, ko da yake darasi ne mai ɗaci. Shekaru jaridun Turanci suna kiran waɗanda suka addabi hanyar Kaduna da ta Funtuwa da kalma ɗaya, “bandits”. Ƙamus zai ce 'yan fashi, ɗalibi ya haddace. Amma a gidajen rediyo da bakin mutane akwai 'yan bindiga, da 'yan fashin daji, da ɓarayin daji, da ɓarayin shanu, da masu garkuwa da mutane, da 'yan ta'adda, kuma kowane suna da hukuncin da yake yankewa. Wanda ya ce ɓarayin shanu ya rage girman abin, wanda ya ce 'yan ta'adda ya kai shi wani matsayi na doka, wanda ya ce 'yan bindiga ya faɗi abin da ido ya gani ya tsaya. Abin lura, a watan Nuwambar 2021, da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ayyukansu a matsayin ta'addanci, sunayen Hausa ta yi amfani da su a cikin hukuncin da aka rubuta da Turanci, 'yan bindiga da 'yan ta'adda. Haka kalmar “forest”. Mu muna da daji, da dawa, da kurmi, da ƙungurmin daji, da gandun daji da hukuma ta killace. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000, mafi yawansa itatuwa ne a warwatse cikin doguwar ciyawa, kurmi sai a bakin rafuka. Mai fassarar da ya mayar da kowane “forest” kurmi ya zana wa mai karatu ƙasar da ba ita ba. Akwai ma inda Turancin ke sallamawa gaba ɗaya: shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa a Najeriya tun shekarun 1990, Fadama aka bar masa suna.

Tsohon Birnin Gwari kuma ƙasar zinariya ce, an san ta da haka tun zamanin Turawa, kuma kusan duk abin da aka rubuta game da ma'adinanta da Turanci yake. Akwai wata kalma mai harafi huɗu, “lead”, da littattafan atisaye ke son kawowa don nuna cewa rubutu ɗaya na iya ɗaukar furuci biyu da ma'ana biyu: jagoranci, da kuma dalma. A aji wasan kalmomi ne. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Duk gargaɗin da likitoci suka kawo sai da ya bi ta bakin wani kafin ya isa kunnen uwar da ke shara a tsakar gida, kuma wannan wanin bai isa ya tsaya ga cewa dalma ba. Sai ya iya bayyana cewa ƙurar da ba a ɗauka komai ba ita ce gubar. Ko a shagon maganin feshi ma haka ne. Manomi ya ɗauko gora ya miƙa wa yaron shago, a jikinta an rubuta “pre-emergence” ko “post-emergence”, “selective” ko “non-selective”. Wanda ya san aikin ɗafa-goshin nan, “pre” da “post” da “non”, zai ce masa wannan kafin tsiro ake fesa shi, wancan bayan tsiro, wannan yana zaɓen ciyawa ya bar masara, wancan ba ya barin komai a tsaye. A nan dole in yaba wa wani ɓangare na tsohon atisaye: koyon saiwoyin kalmomin Turanci da ɗafe-ɗafensu yana da amfani ƙwarai, saiwa ɗaya kan buɗe kalma goma. Abin da nake nema shi ne a ƙarasa aikin, kowace saiwa a kawo ta har bakin gona.

Za a ce, jarrabawa dai jarrabawa ce. Mai tantancewa ba zai tambayi bambancin aro da rance ba, zai ba da jimla da gurbi da agogo, wanda bai saba da wannan tsere ba kuma zai faɗi ko da ya fi kowa iya fassara. Akwai gaskiya a ciki, musamman tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ta saba wa ɗalibai da irin wannan gwaji, jami'o'i kuma suka ga sauƙinsa. Don haka ban hana kowa yin tambayoyin shekarun baya ba. Makonnin ƙarshe kafin jarrabawa nasu ne, don hannu ya saba da sauri. Amma a duba yadda ake gina tambayar. Cikin amsoshi huɗu, biyu yawanci a fili suke ba su dace ba, gardamar tsakanin sauran biyun take, kuma waɗannan biyun kusan kullum ma'anarsu a ƙamus ɗaya ce, abokan tafiyarsu ne suka bambanta. Turanci na cewa “commit” ga laifi, “make” ga kuskure, “do” ga alfarma, mu kuwa duk yi ko aikata muke cewa. Wanda ya haddace jerin kalmomi tsirara, a nan yake tsayawa ya yi canki-canka. Wanda ya saba ɗaukar kalma tare da maƙwabtanta, saboda ya sha juya jimloli gaba da baya, kunnensa ne zai faɗa masa. Ashe hanyar da nake kira gare ta ba ta rage wa ɗalibi maki ko a wancan ɓangaren. Kuma ƙofar ba ita ce ɗakin ba: ranar farko a aji za a miƙa masa sakin layi a ce ya fassara.

Ƙorafi na biyu ya fi tsufa, kuma malamai masu niyyar alheri ne ke yin sa. Sun ce Hausa ce ke ɓata wa yaranmu Turanci, maganin kuwa a nisanta su, a yi tunani da Turanci tsantsa. A kan haka makarantu da yawa suka riƙa cin tarar wanda aka kama yana Hausa. Ga ƙaramin yaro mai koyon buɗe baki, nutsewa cikin harshe guda na da fa'idarsa. Amma mai fassara sana'arsa ke nan, kai da kawo tsakanin biyun, ba a kuwa koyon iyo a tudu. Tarihinmu ma shaida ne, kuma shaidar ba ta da nisa da Birnin Gwari. A Kagara, kan hanyar da ta wuce zuwa Tegina, aka haifi Abubakar Imam a 1911. Ya yi karatun Arabiyya a gida, ya shiga Kwalejin Katsina, ya koyar da Turanci a Midil ta Katsina, ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, wansa Bello Kagara kuma da Ganɗoki. Daga nan Rupert East ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus aka ɗebo su, amma har yau mai karatu ba ya jin ƙamshin baƙunci a jikinsu. Malamin Turanci ne ya yi wannan aiki, Turancinsa bai cinye Hausarsa ba, Hausarsa ba ta gurgunta Turancinsa ba. Daga ɗaya ƙarshen hanyar da ta ratsa Tsohon Birnin Gwari kuma, wato Funtuwa, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975, ya raɗa wa dabbobin sunayen Hausa har suka zama kamar na garkenmu. Katsalandan da harshen uwa ke yi yana yin ɓarna ne a cikin duhu, lokacin da mai magana bai san yana faruwa ba. Da zarar an haska shi, sai ya koma abin aiki.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, kuma ba a cika faɗar sa ba. Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa tun da da Hausa aka yi musu goyo, Turanci kaɗai ne ke buƙatar atisaye. Sai ka ga mai digiri ba ya raba “ya ke” da “yake”, ba ya sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, har ƙasa ta koma kasa, ɓata ya koma bata, kuma jimlolinsa Turanci ne sanye da babbar riga. Ya rubuta wai taro ya ɗauki wuri, ko kuwa wani ya biya hankali, kalmomin Hausa ne amma ba Bahaushen da zai faɗe su. Wanda bai mallaki rumbun kalmomi a harshensa ba, ko ya fahimci Turancin sarai, ba shi da inda zai sauke kayan. Ƙamusun suna nan: na Bargery tun 1934, wanda yanzu ana samun sa a intanet, da na Abraham na 1949, da na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Amma akwai ƙamusun da ba a buga ba, waɗanda ke zaune a zaurukan Tsohon Birnin Gwari da rumfunan kasuwa, masu sanin sunan kowace bishiya da kowace cutar shanu da kowane irin ruwan sama. Awa ɗaya tare da su, da biro a hannu, atisaye ne na jarrabawar fassara, ko da ba wanda zai ba shi wannan suna. Wanda kuma ya tashi da Gwaranci ko Kamukanci ko Fulatanci a kan Hausarsa, kada ya ɗauke su abin ɓoyewa. A ƙasar da ake zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya, harshe na uku jari ne.

Sai masu cewa na'ura ta gama da wannan sana'a. Tun ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, kuma manhajojin yau sun fi na jiya nesa ba kusa ba. Ni a ganina wannan hujja ce a gare ni. Abin da na'ura ta fi ƙwarewa a kai shi ne ainihin abin da hadda ke samarwa, wannan kalma daidai take da waccan, kuma ba ɗalibin da zai tsere mata a nan. Inda take buƙatar mutum shi ne inda Turanci ya ce “you” ita kuma dole ta zaɓi kai ko ke ko ku, ba ta ga fuskar wanda ake yi wa magana ba; inda aka ce “uncle” ba ta san kawu ne ko baffa ba, alhali a rabon gado ba ɗaya suke ba. Aikin da ke ƙaruwa yanzu shi ne na duba abin da na'ura ta fitar, wanda kuwa zai kama kuskuren da ya zo cikin jimla mai santsi sai ya fi na'urar sanin harsunan biyu.

Ƙorafin da ya fi duka nauyi shi ne na rashi. Birnin Gwari ƙasa ce da makarantu suka yi ta rufewa saboda tsoro, hanya ta zama abin fargaba, a 2021 ma aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ina mutum zai sami ɗakin karatu ko malamin da zai duba masa aiki? Ba na raina wannan. Amma hanyar da ta fi kowace inganci ita ce mafi araha, kuma tsohuwa ce: Roger Ascham, malamin da ya koyar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, ya bayyana ta a littafinsa da aka buga a 1570, don koyon Latin. Ɗalibi ya ɗauki sakin layi ɗaya na Turanci mai kyau, ya mayar da shi Hausa a littafinsa, ya rufe na asalin ya ajiye. Bayan kwanaki, ya ɗauki Hausar ya mayar da ita Turanci ba tare da leƙe ba, sa'an nan ya buɗe na asalin ya jera su. Duk inda suka saɓa, nan darasinsa yake: “the” ɗin da ya yar, “had” ɗin da ya manta, “on” ɗin da ya zama “in”. Marubucin asali ya zama malaminsa, ba ko sisi. Kayan aikin ma suna zuwa har gida. Sashen Hausa na BBC, da ke watsa shiri tun 1957, da Rediyon Tarayya na Kaduna, kullum labaran da aka rubuta da Turanci suke juyawa; Daily Trust da Aminiya gida ɗaya ne, sau da yawa labari ɗaya suke ɗauka. Wanda ya karanta na Turancin, ya gwada tasa fassarar, sa'an nan ya saurari yadda ƙwararru suka yi, zai ga inda suka fi shi, wani lokaci ma inda ya fi su. Sakin layi ɗaya a rana, a wata shida ya haura 150.

Kuma takardun da zai yi atisaye da su suna ta shigowa. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwambar 2024, mutane suka fara komawa gonakin da suka bari, hukumomi da ƙungiyoyi ke zuwa da fom na bashi da na tallafi da na ƙidayar asara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfanin da zai yi haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin, ita ma da Turanci za a rubuto ta a kawo wa dagaci da dattawa. A irin waɗannan takardu akwai kalma biyu da ya kamata su sami shafi guda a littafin kowane ɗalibi, “compensation” da “relief”. Ta farko diyya ce, haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna. Ta biyu agaji ne, abin da aka bayar don jin ƙai. In mai fassara ya ce wa agaji diyya, ya ɗora wa hukuma alkawarin da ba ta yi ba, mutane su zauna jiran abin da ba zai zo ba. In ya ce wa diyya agaji, mai gona zai karɓi ɗan abin da aka miƙo ya yi ta godiya, ya dangwala yatsa a takardar da ta ce an biya shi, ba zai kuma sake neman komai ba.